Busar da Ta Yi Sanyi

"Wannan ce busar?" Lucy ta ce tana yatsina fuska. "Tir! Ko tsohuwa mai lallashin jika ta fi ka kuzari."

Andrawus ya sauke ƙahonsa na saksafon bai ɗago ba. A bayan rumfar wani biki suke a Barade, rana tsaka, jama'a sun koma kan abinci.

"Lucy tawa..."

"Kada ka ƙara ce min taka!"

Tun shekarar da aka ba Taraba jiha ta san shi. A lokacin in ya kama kiɗan jaz, ƙahon nan ihu yake, har Sunkani ana labarinsa. Wannan zafin ne ya sa ta bijire wa yayanta Job, wanda ya rantse ba za su haɗa jini da mai busa a otal ba. Kwanan nan kuwa sai wani sauti mai laushi yake fitarwa, kamar mai tsoron tada jariri.

"Patricia mai shisshige maka ɗin nan ta faɗa min komai. Ta ce ita ce ba ta son hayaniya, shi ne ka sassauta. Namiji har namiji, mace na auna maka numfashi!"

"Patricia? Wadda ko gaisuwarta ba na amsawa?"

"To me ya kashe maka zuciya?"

'Ya'yan zamani ke nan, baki na gaba, tunani na biye.

Andrawus ya sa yatsa ya janyo leɓensa na ƙasa. Tabon ɗinki ne a ciki, baƙi, har yanzu da kumburi.

"Da wannan leɓen ake danne bakin ƙaho. In na matsa, sai jini. Abin da ya rage min ke nan nake busawa."

Ta matso ta duba tabon.

"Wa ya yi maka?"

"Bar shi, masoyiya..."

"Na ce wa!"

"Job. Ya tare ni a hanyar Mutum Biyu."

"Shi ne ka yi shiru, sakarai? Ka bar ni ina zaginka?"

"Ban so ki rasa yaya saboda ni ba."

Ta finciko hannunsa har cikin rumfa, inda Job ke zaune tsakanin manya da faranti a cinya.

"Yaya Job, sannu da jarunta! Ka fasa bakin mutum a daji, ka zo kana cin shinkafa da naka."

"Lucy, ki shiga hankalinki!"

"Yau na shiga. Andrawus, busa... A hankalin nan, yadda ya bar maka."

Ya busa. Sautin ya fito a natse, yana lanƙwasa kamar mai rarrashi. Manya suka ajiye cokula, idanu duk suka koma kan Job. Ya miƙe zai sulale.

"Zauna, Yaya," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Gara kunnenka ya saba tun yanzu. Ita za a busa ranar aurena."