'Yar Kujerar Kallon Wata

Ranar farko da aka shiga ajin ilimin sararin samaniya, ta makara. Ta turo ƙofa a hankali tana haki, jakar littattafai a kafaɗa, robar ruwan yara mai hoton zomo a hannu, don a gaggawar ajiye 'yarta a makarantar raino ta manta ba ta miƙa mata ba. Kujera ɗaya ce ta rage can baya, kusa da wani saurayi da ƙafafunsa suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur.

Ya janye gwiwa ya ba ta hanya. Ya dubi robar, ya dube ta.

"Zomon ma ɗalibi ne?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ya ma fi ni ƙoƙari," ta ce ba tare da ta kalle shi ba, amma murmushi ya riga ya suɓuce mata.

'Yan aji Dogo suke kiransa. Ita kuwa kowa Maman Ɗigo yake ce mata, saboda 'yarta da ta haifa 'yar mitsitsiya, watanni kaɗan bayan rasuwar mijinta. Da yarinyar ta yi wayo, baki ya buɗe, sai uwar ta koma jami'a. Wata ƙawarta ce ta ce mata ta ɗauki wannan kwas ɗin don cike gurbi, wai ba komai a ciki sai kallon hotunan taurari.

Malamar da ke gaban allo ba ta bari wannan mafarkin ya kai azahar ba.

"Duk wanda ya zo hutu, ƙofa a buɗe take," in ji ta. "Kowane mako akwai babin da za ku karanta, akwai lissafi, akwai gwaji. Awa ɗaya a nan tana bin ku awa biyu a gida. Za ku bi wata da idonku tun daga jinjiri har ya ɓace, kuna zana shi, kuna rubuta lokaci da inda kuka gan shi. A ƙarshen zango kowa zai hau saman benen nan da abokin aikinsa, ya nemo abin da na ce da madubin hangen nesa. Wanda bai hau ba ya faɗi."

Maman Ɗigo ta dafe kai. Ɗakin da suke zaune da mahaifiyarta tagarsa bangon wani bene take kallo, sararin da ake gani daga ciki bai fi faranti ba. Daga faɗuwar rana kuma lokacin Ɗigo ne: wanka, abinci, shafa mai, sannan barci. Ɗigo kuwa ba ta barci sai ta riƙe kunnen uwarta. Tun ranar da ta cike takardar shiga jami'a ta yi wa kanta alkawari ɗaya, cewa ba boko ba, ba namiji ba, babu abin da zai sa ta ajiye yarinyar nan gefe.

Bayan kwanaki, tana tsaye a bakin ofishin da ake sauya kwas, sai ga Dogo, wanda Malama ta haɗa su aiki tare.

"Abokiyar aikina, ina zuwa?"

"Guduwa zan yi. Ka nemi wata. Ni ba ni da daren da zan ba wa wata."

"Wa ya ce miki sai da dare?"

Ta harare shi. "Da rana tsaka kake ganin naka?"

Ya yafito ta da hannu. Ya wuce gaba ta bi shi don ta ga ƙarshen rainin hankali, har wurin ajiye motoci. La'asar ce, rana na nan daram. Ya ɗaga dogon hannunsa gabas, saman tankin ruwa. Ga shi nan kuwa, rabin wata, fari fes kamar gutsuren gajimare.

"Yanzu da la'asar za ki riƙa samunsa," ya ce. "In ya cika, zai fito daidai faɗuwar rana. Bayan nan kuma da safe za ki gan shi a yamma, kina kan hanyar kai mai zomo makaranta."

Ta daɗe tana kallon sama. Tun tana yarinya take ganinsa haka, ba ta taɓa tambayar dalili ba.

"Allah ya saka da alheri," ta ce a hankali. "Me zan biya ka da shi?"

Ya sosa ƙeya. "Lissafin nan mai sifili kamar ƙwan kifi. Na gan ki kina gama shi kafin kowa."

Haka suka raba aikin. Tsakanin lacca da lacca suna zama a teburin ƙarshe na laburare, tana koya masa yadda ake taƙaita nisan taurari ba tare da sifili ya cinye takarda ba, shi kuma yana juya mata lemo a gaban fitilar waya don ta ga dalilin da wata ke ƙaruwa yana raguwa. Aikin bai yi sauƙi ba. Ta sha karanta babi a cikin bas tana tsaye, ta sha faɗuwa gwaji ranar da Ɗigo ta kwana da zazzaɓi. Amma ba ta ƙara komawa ofishin nan ba.

Ɗigo ce ta zama mai nemo wata. Kullum da safe tana tafe tana ɗaga kai har ta yi tuntuɓe.

"Mami, ga shi can! Ya bi mu!"

Saƙonni kuma suka fara yawa.

"Farin wata sha kallo, kin zana na yau?"

"Na zana. Ɗigo ta ƙara masa ido da baki, sai da na sake."

"Ki bar shi haka, Malama za ta ba ta maki. Ni dai nawa watan bai shigo laburare ba yau, duk na kasa lissafi."

"Dogo, ka ji tsoron Allah ka yi karatu."

"Ina yi. Ke nake karantawa."

Ranar da ya faɗa mata maganar aure, a bakin makarantar raino ne, Ɗigo na kan wuyansa tana cewa ta kusa taɓo sama. Maman Ɗigo ta sunkuyar da kai.

"Ka dai san ni da kayana nake tafe."

"Kayan naki ga shi a wuyana," ya ce. "Ban ji nauyi ba."

Mahaifiyarta ta yi murna, ta sa albarka. A gidan su Dogo ne aka samu tangarɗa. Ummansa mace ce 'yar gajeriya mai kaifin magana, kuma ta daɗe da ajiye masa 'yar aminiyarta a rai, wata ma'aikaciyar asibiti mai ladabi da ke kawo mata gaisuwa duk mako.

"Ga budurwa a gabanka, ka tsallake ka ɗauko raino?" in ji ta. "Riƙon ɗan wani sai mai haƙuri. In ka tsawata a ce ka ƙi ta, in ka ƙyale a ce ka lalata ta."

Ya yi ta lallashi har Umma ta sassauta, amma da sharaɗi. Shi kuwa don ɗoki bai tsaya ya auna sharaɗin ba, ya ɗauki waya.

"Albishirinki, farin wata! Umma ta yarda. Ta ce dai Ɗigo ta zauna wurin kakarta tukuna, mu riƙa zuwa muna ganinta. Ai na ɗan lokaci ne."

Saƙon ya same ta tana taje wa Ɗigo kai. Ta karanta, ta ajiye wayar, ta gama kitson tsaf, sannan ta ba shi amsa.

"Na gode da duk alherin da ka yi min, ba zan manta ba. Amma 'yata ba kaya ba ce da za a ba da ajiya. Abin da ya fi min ciwo shi ne albishir ka kira shi. Allah ya haɗa ka da rabonka."

Ya kira ba ta ɗauka ba. A aji ta koma layin gaba. Da ƙawarta ta kawo mata labarin an ga Dogo da ma'aikaciyar asibitin a mota, Maman Ɗigo ta ce Allah ya sanya alheri, ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito ta ɗora wa Ɗigo ruwan wanka. Ba ta san Umma ce ta aike shi ya mai da budurwar gida ba, kuma a hanyar ne ya ba ta haƙuri ya gaya mata gaskiya.

Ana jibi za a hau bene, Umma ta tarar da shi a tsakar gida da guduma da guntayen katako.

"Kafinta ka koma?"

"'Yar kujera ce. Malama ta ce kowa zai iya zuwa da iyalinsa, na kuma san da Ɗigo za ta zo. Madubin ya yi wa yarinyar tsawo." Ya ajiye gudumar. "Umma, ba zan yi aure da fushinki ba. Amma ba zan raba uwa da 'yarta ba, ko da zan rasa ta. Roƙona ɗaya, ki zo ki gan su."

Umma ta taɓe baki. "Zan zo in ga madubin da ya hana ka cin abinci. Ban ce maka komai ba."

Rana ta faɗi ke nan suka taru a saman benen, sama na ja-ja, rabin wata a tsakiya. Maman Ɗigo ta iso riƙe da hannun 'yarta. Ta ga Dogo, ta ga dattijuwar da ke gefensa, ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, ta koma gefe. Ɗigo kuwa ba ta san da wani faɗa ba. Ta ruga ta rungume ƙafarsa.

Ya ajiye mata kujerar a gindin madubin. Ta hau, ta leƙa, ta ƙwala ihu.

"Mami! Watan duk ramuka!"

Umma ta matso, ta yi ɗage, idonta bai kai ba. Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya.

"Kaka, hau kujerata, na ara miki," in ji Ɗigo. "Ki rufe ido ɗaya. Kar ki taɓa, zai gudu."

"Ji min 'yar nan da iyayi," in ji Umma, amma ta hau. Ta rufe ido ɗaya, ta leƙa. "Ikon Allah! Ashe haka fuskarsa take, muke ta yi masa kirari?"

Sai Malama ta kira Maman Ɗigo. Aikinta ta nemo duniyar nan mai zobe da kanta, ta zana ta kafin lokacinta ya cika. Ta fara juya madubin ke nan, Ɗigo ta fara murza ido. Lokacin barcinta ya yi. Ta ja gefen mayafin uwarta, ta ɓare baki.

Maman Ɗigo ba ta yi wata-wata ba. Ta saki madubin, ta ajiye fensir, ta ɗauki 'yarta ta saɓa a kafaɗa.

"Lokacinki na tafiya," in ji Malama. "In kin bari ya wuce, sai baɗi."

"Na sani, Malama. Ki yi haƙuri."

Umma na tsaye tana kallo. Ta ga yadda idon matar ya cika da ƙwalla, ta ga kuma hannun da ke bubbuga bayan yarinyar bai tsaya ba. Ta gyara zama a kan 'yar kujerar, ta miƙa hannu biyu.

"Kawo ta nan, 'yata. Je ki yi abin da ya kawo ki."

"Umma, ba ta yarda da kowa, sai ta..."

"Na raini wannan zanƙalelen, wannan 'yar ɗigon ce za ta gagare ni? Kawo ta."

Maman Ɗigo ta miƙa mata ita, ta koma kan madubin. Dogo na gefe, doka ta hana shi taɓawa, sai addu'a yake a ransa. Ta bi sararin a hankali, ta wuce, ta dawo. Can sai ga ta, 'yar ƙarama, da zobenta kewaye da ita kamar an zana da alƙalami. Malama ta leƙa, ta gyaɗa kai.

Da ta waiwayo, Ɗigo ta yi barci a ƙirjin Umma, 'yan yatsunta damƙe da kunnen dattijuwar, har ɗan kunnen ya karkace.

"Ka ga abin da ka ja min," Umma ta ce wa ɗanta cikin raɗa. "Ta kama min kunne, ko motsi ba na iyawa." Ta dubi Maman Ɗigo. "Tsorona kar a cuci marainiya a gidan ɗana. Yau na ga mai uwa irinki ba ta cutuwa. Maganar da na yi na janye. Inda kika sa ƙafa, nan za ta sa."

Maman Ɗigo ta durƙusa, ta yi ta godiya. Dogo ya sunkuyo.

"Farin wata, na yi wauta. A yafe wa ɗalibi?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Sai na ga sakamakon lissafinka."

Ya ci, da ƙyar. Ita ma ta ci, har ta ɗara shi. A hutun ƙarshen zango aka ɗaura aurensu, iyaye biyu suka haɗu suka yi ta sa albarka, Malama ma ta zo ta ce ita dai ba ta sa wannan a cikin manhaja ba.

Da za su kama gida, abu ɗaya amarya ta nace a kai: ɗakin Ɗigo ya kasance jikin nasu, tagarsa kuma ta kalli sarari. A gindin tagar aka ajiye 'yar kujerar. Duk ranar da Umma ta zo, sai an yi rigimar wa zai fara hawa.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya Ɗigo da ƙannenta masu zuwa, ya saka wa duk wanda ya riƙe 'yar wani kamar tasa.