Ranar da Jikata Ta Cire wa Intanet Makulli

Mai gyaran takalmin da ke zama a bakin ƙofarmu ne ya fara gaya mini. Na kai masa silifas ɗina, sai ya washe baki.

"Kaka, Allah ya saka da alheri! Intanet ɗinku ya wadaci layin nan kaf. Har mai aski yana kallon ƙwallo da shi."

Na ce, "Intanet ɗin wa?"

"Naku mana. Ai babu makulli."

Ni karatuna bai yi nisa ba. Amma na san ɗan farin akwatin da ke kan kabad a falo, mai ƙyafta koren ido. Na san shi ke ba mu intanet, kuma ba a shiga sai da kalmar sirri, wato makulli. Na ɗauka surutunsa ne kawai, na koma gida.

Ranar kuwa zuciyata tana wani wuri. Autata ta haihu a wata ƙasa mai nisa. Ta ce da yamma za ta kira ta bidiyo in ga jaririn.

Da lokaci ya yi, jikata ta ɗora mini kwamfutarta a cinya. 'Yar aji biyar ce, mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Kawunta ne ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa. Ya sa mata manhajar kyauta, wai ita Linux, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara.

Kira ya shigo. Na ga rabin goshin autata, sai hoto ya tsaya cak.

"Mama... ga... shi..."

Sai ɗif. Muka sake gwadawa har muka gaji. Ko yatsan jaririn ban gani ba. Ban yi kuka ba, hancina ne kawai ya yi ruwa.

Jikata ta sunkuyar da kai. "Kaka, ni ce."

"Ke ce me?"

"Kwamfutar ta ƙi shiga intanet. Ta tambaye ni irin makullinmu, na zaɓi na farko, ta ƙi. Sai na jona ta da akwatin da igiyar waya, na shiga cikinsa na cire makullin gaba ɗaya. Nan take ta shiga."

"To me ya hana ki tambayi kawunki?"

"Na ji tsoro ya ce ban iya ba."

"Ai kuwa ba ki iya ba," na ce. "Shi ma ba da kwamfuta na haife shi ba."

Da kawunta ya dawo daga aiki, da bakinta ta gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya nuna mata jerin wayoyin da suka hau intanet ɗinmu. Sun fi kujerun gidan nan yawa.

Ya ce, "Kin ga abin da ya hana Kaka ganin jikanta, sun shanye ƙarfin intanet ɗin. Kuma idan babu makulli, mugu zai iya leƙen abin da muke aikawa."

Ya miƙa mata kwamfutar. "Ke kika cire, ke za ki mayar."

Ta mayar da makullin, suka sa sabuwar kalmar sirri mai tsawo. Ya nuna mata cewa makulli iri-iri ne. Wanda ta zaɓa tsohon yayi ne. Namu sunansa WPA2. Ta zaɓe shi, ta rubuta kalmar a hankali, harafi bayan harafi. Kwamfuta ta shiga lafiya lau.

Ta daka tsalle. "Kawu, daman abin ke nan?"

"Shi ke nan, sarauniyar gaggawa."

Yarana, ku ji da kyau. Idan abu ya gagare ku, kada ku cire abin da ke kare gida don ku huta. Ku tambayi wanda ya sani. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Washegari da safe na ɗaura ɗankwalina mai kyau, na zauna a falo, na ce wa jikata ta kira mini autata. Hoto ya fito tar. Ga jariri yana hamma, da hancina sak a fuskarsa. Na sumbaci gilashin kwamfutar, na bar mata aikin gogewa.