Ƙahon Surukin Wanzami

"Baba, don Allah kar ka tsaga shi!"

Mardiyya ce ta faɗo zauren ko takalmi babu. Mahaifinta Malam Bawa, wanzamin da Gurbin Bore ke ji da shi, ya riga ya kafa ƙaho a bayan Yazid, saurayinta daga Ƙaura Namoda. Saura aska kawai.

Al'adar gidan ce, duk mai neman 'yarsu sai tsohon ya yi masa ƙaho, alamar an karɓe shi. Yazid kuwa kunyar suruki ta ɗaure masa baki, wai gara jininsa ya zuba da ya ce a'a.

"Mi ya hwaru, ɗiyata?"

"Jijiyoyin zucciyarshi sun buɗe hiye da ƙima, Baba... Jini na iya daskarewa ciki, shi ya sa kullum yake shan maganin tsinka jini. In ka tsaga, jinin ba ya tsayawa da wuri."

Gado, ɗan baffanta da ta ƙi, ya yi murmushi. Shi ya matsa a yi ƙahon a ranar.

"Na daɗe da sani. Ku ba mai ciwon zucciya ɗiya, ta shiga takaba da lallenta."

Tsohon ya cire ƙahon.

"Yazid, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Tsoro nai ka hana ni ita, Baba."

Malam Bawa ya juya ga Gado.

"Shi tsoro ya rufe mai baki. Kai ka sani, ka zuba ido in tsaga ɗan mutane? Tashi ka ba ni wuri."

Innar Mardiyya ta yi mako tana kuka kan ciwon Yazid, sai da aka kai ta gaban likitansa. Ya ce ciwon ba ya tafiya, amma da magani da zuwa awo, da yawa na daɗewa lafiya.

A hanyar komawa gida Yazid ya dubi Mardiyya, ya sassauta murya.

"Kin tona ni, kin cece ni, abar ƙaunata... Da mi zan biya ki?"

"Sha maganinka kawai."

Yau shekara bakwai da aurensu. Kowace safiya ta miƙa masa ƙwayar, sai ta gode wa Allah har cikin ranta.

Malam Bawa kuwa har gobe shi ke yi wa surukinsa aski, amma da almakashi. Abokan sana'a na ta tsokanarsa, wai wanzami ya tsorata da askarsa.

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Wanga kai na uban jikokina ne."