Kusoshin Da Ya Goge

A ƙofar ɗakin gyaran kayan aikin asibiti suka fara haɗuwa. Ita ɗalibar bincike ce, tana riƙe da kwalin ƙananan kusoshin ƙarfen titaniyam irin waɗanda ake dasawa a ƙashin da ya karye. Shi kuwa mai gyaran ƙarfe ne, abokan aikinsa suna kiransa Sheƙi, don ba ya iya ganin ƙarfe ya dushe ya bar shi.

"Ki ajiye, kar su yanke ki," ya ce. Ta ɗago ta dube shi, shi ke nan zance ya ƙare.

Ya sa mata suna Likitata. Babanta kuwa ya ce sam, ga likitan ƙashi yana nemanta, me za ta yi da mai man inji a farce?

Wata takwas ta yi tana jiƙa kusoshinta a asid, tana yi musu ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A cikin waɗannan ramukan ƙwayoyin ƙashi suke kamawa su girma, garkuwar jiki kuma ta lafa, ba ta kai wa ƙarfen hari. Shi ya sa suke zama toka-toka, kamar tsohon cokali. Ba ta taɓa yi masa wannan bayanin ba, ta ɗauka ya sani.

Saura kwana uku a fara gwaji, ta bar masa kwalin ya duba awonsu. Ya ga sun dushe, tausayinta ya kama shi. Ya zauna ya goge su, guda arba'in cif, har fuskarsa tana fitowa a jikinsu.

Da ta buɗe kwalin sai ta zauna a ƙasa.

"Me ka yi? Wayyo, me ka yi mini?"

"Na ga sun yi datti ne, Likitata."

"Dattin shi ne aikin!"

Aka ba wani ɗalibin gurbinta a gwajin. Babanta bai ko ɓoye jin daɗinsa ba: "Na faɗa miki ai."

Sati biyu ba ta ɗaga wayarsa. Sai saƙo ya shigo: "Likitata, ban da bakin magana. Jahilcina ya cinye miki wata takwas. In kin zaɓi likitan, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Ta karanta, ta yi kuka mai cin rai. Haushinsa take ji, kuma shi take so, duk a ƙirji ɗaya. Ta rubuta: "Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure. Babanta ya sa albarka da kyar, idonsa a kan takalminsa. Mamanta ta riƙe hannunsu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Da suka rage su biyu a ɗaki, ya tsuguna gabanta.

"Kin yafe mini?"

Ta dafa kansa a hankali.

"Na dai aure ka. Wancan kuma ka ba ni lokaci."