Abin da Inna Ta Bari a Kwalba

Ana jibi za a yi wa Inna aiki, tana zaune a falo ta miƙe ƙafafunta, surukarta na matsa mata su. Likitoci sun ce ciwon daji ne ya kama ƙodarta ta hagu, cire ta za a yi. Auta, ɗanta na ƙarshe, yana durƙushe a bakin ƙofa ya kwance fanka yana dubawa, don shi ko a gida hannunsa ba ya hutawa. Gyaran firji ne sana'arsa.

A wurin gyaran firjin ma ya samo matar. Shi bai wuce sakandare ba, ita kuwa ta yi karatu har kowa na ce mata Dakta, duk da ba ta duba marasa lafiya. Bincike take yi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, kan cututtukan ƙoda. Wata rana babban firjin lab ɗin ya tsaya aka kira shi, ya same ta tsaye a gabansa kamar mai jinya.

"Hajiya, nama ne a ciki da yawa haka?"

"Aikina ne gaba ɗaya a ciki, Injiniya. Don Allah ka yi sauri."

Daga ranar ya riƙa gano matsala a firjin da lafiyarsa ƙalau. Da maganar aure ta taso dangi suka ce ba za a je ko'ina ba, Inna ce kaɗai ta ce a bar yara su daidaita kansu.

Yau Dakta ta daɗe tana juya magana a bakinta kafin ta fito da ita.

"Inna, alfarma nake nema. In an cire ƙodar nan, ina so a ba mu ɗan kaɗan daga wurin da ciwon yake."

"Ku yi me da shi? Ba dai miya ba."

Dakta ta yi dariya. "A jinin kowa akwai sojoji masu kama baƙon abu, Inna. Shi ciwon daji ɓarawo ne da ya iya sa kayan 'yan gida, sai sojojin su wuce shi suna gaishe shi. Aikina in gano yadda yake ɓad da kama. Za mu raini ƙwayoyinsa a kwalba, mu haɗa su da sojojin, mu ga abin da ke faruwa. Amma in ranki bai kwanta ba, wallahi a bar maganar."

Inna ta dubi cikinta.

"Ƙodar da na yi ta ɗawainiya da ita tun ina yarinya, ita ce yau ta juya min baya. Ki ɗiba, 'yar nan. In za ta hana wata uwar kwanciya irin tawa, ai ta yi abin kirki a ƙarshe. Auta, kana ji?"

"Ina ji, Inna."

"Ajiye fankar nan ka dube ni. Na ba ta, sadaka ce, ko bayan raina. Kai ne shaida."

Ya ajiye, ya dube ta, ya ce ya shaida.

Aka yi aiki lafiya. A irin wannan binciken, yawancin naman da aka kawo mutuwa yake a kwalba cikin 'yan kwanaki, amma na Inna ya kama. Ranar da Dakta ta tabbatar, da gudu ta shigo gida ko takalmi ba ta cire ba. Ƙwayoyin suna zaune a wani akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, ana canja musu wani ruwa ja-ja da suke ci, yau a canja, gobe a huta, jibi a canja. Ba su san ranar hutu ba, ba su san biki ba. Auta ne ke kai ta a babur, ya zauna a benci yana jira, a hanyar dawowa ta yi ta zuba masa labari ta bayan kunnensa. Rabin abin da take faɗa bai gane ba, amma ya fi son hirar nan da komai.

Inna kuwa kullum sai ta tambaya: "An ba 'ya'yana na kwalba abinci?"

"Sun ci sun ƙoshi, Inna."

"To madalla. Sun fi wannan jin magana," ta nuna Auta da haɓa.

Ta samu fiye da shekara tana yawonta. Daga baya ciwon ya dawo ta huhu, kuma wannan karon bai yi mata da sauƙi ba. A hannun Dakta ta cika.

Ana cikin zaman karɓar gaisuwa, gida cike da mata, Dakta ta yafa mayafi da hantsi ta nufi ƙofa. Yaya ce ta tare ta, babbar 'yar Inna, wadda ta goyi Auta a bayanta, ta bar makaranta don ta taya Inna riƙon gida bayan rasuwar mahaifinsu.

"Ina zuwa kuma, ana zaman makoki?"

"Lab zan leƙa, Yaya, yanzu zan dawo. Yau ne ranar canja wa ƙwayoyin Inna ruwa."

"Ƙwayoyin wa?"

Dakta ba ta iya kwana-kwana ba. Ta yi bayani tiryan-tiryan kamar yadda take yi wa ɗalibai, ba ta lura da yadda falon ya yi tsit ba. Yaya ta dafa bango.

"Kina nufin mun kai uwarmu makwancinta, ashe wani yankin jikinta na can a kwalba kina wasa da shi?"

Washegari aka zauna a ɗakin Kawu, ƙanin Inna. Mutum ne mai sanyin hali, bai ɗaga murya ba.

"In da yardarta aka yi, ba ni da ta cewa. Sadakarta ce, ba mai hana ta ladanta. Abin da nake so in sani, ta yarda?"

"Ta yarda, Kawu. Har hannu ta dangwala a asibiti."

"Inna da ba ta karatu?" in ji Yaya, idonta jawur. "Mace na kwance ana shirin yanka ta, ko me aka miƙo mata ai dangwalawa za ta yi. Wa ya ji da kunnensa?"

Dakta ta juyo ta dubi mijinta. Ba roƙo a idonta, ba tsoro, don ta san yana wurin.

Auta ya ɗago ya ga Yaya. Tun rasuwar ba ta sa komai a cikinta ba, fuskarta ta faɗa, kuma a wannan zaman kamarta da Inna ta fito sosai. Ya san in ya ce ya ji, cewa za ta yi ya haɗa kai da matarsa sun ɓoye mata, ita da ta goye shi.

"Ni dai... fanka nake gyarawa a lokacin. Na ji suna magana, amma ban tsaya na saurara ba."

Dakta ta sunkuyar da kai. Ba ta ƙara cewa uffan ba har Kawu ya yanke cewa a dawo da abin a binne.

A gida ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya same ta a kicin.

"Dakta, ki yi haƙuri. Ki kawo su kawai a wuce wurin, hankalin Yaya ya kwanta. Ai za ki samu na wani."

"Ba kayan gyara ba ne, Injiniya, da za ka shiga kasuwa ka ɗauko wani." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Zan kawo. A aikinmu in iyali suka ce ba su yarda ba, ba ma riƙewa da ƙarfi. Amma ka sani, ba ƙwayoyin ne suka fi yi min ciwo ba."

Da kanta ta kwashe su, na cikin akwatin ɗumi da waɗanda ta daskarar don ajiya, ta zuba musu maganin da ke tsayar da su, ta jera a ƙaramin kwali. Auta ne ya karɓa a ƙofar lab. Kwalin da sanyinsa, har yana cizon yatsa. Kafin ya isa maƙabarta sanyin ya tafi, gindin kwalin ya jiƙe a hannunsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana hana kayan mutane narkewa, ya tsaya yana kallo aka tona ƙaramin rami kusa da Inna aka rufe.

Dakta ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara gidansu ba. Tana girki, tana gaishe shi, tana zuwa gaida Yaya ana amsa mata a daƙile. Abu ɗaya ne ya canja. In ya ɗauko ta a babur, shiru suke dawowa. Ya ce, "Ya aikin?" ta ce, "Alhamdu lillahi." A bakin abokan aikinta ya ji cewa binciken da ta kusa kammalawa ya tsaya cak, don ba a yarda da sakamakon da ba za a iya maimaitawa ba. Ta koma farko. Aka yi ta kawo naman wasu masu ciwon, tana rainonsu suna mutuwa. Wani lokaci ya hango ta ta taga, ta kifa kai a kan tebur, farar rigarta ta yi mata yawa. Sau da dama ya buɗe baki zai yi maganar, sai ya ga ai an riga an binne, me za ta gyara?

Ana nan, bayan shekara biyu, Yaya ta fara ganin jini a fitsarinta. Ta ɓoye, tana shan jiƙe-jiƙe. Dakta ce ta lura da yadda take dafe kwiɓi in za ta tashi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Ba ruwanki."

"Da ruwana. Ɗauko mayafinki, kya zage ni a hanya."

Hoto ya nuna ƙari a ƙoda, irin na Inna, sai dai an kama shi da wuri. Dakta ta ɗauki hutu. Ita ce bin layi, ita ce fassara maganar likita, ita ce wankin kwano da juya Yaya a gado.

Ana gobe aiki, da la'asar, Kawu da Auta suna zaune a gefen gadon. Yaya ta daɗe tana kallon surukar tasu tana ninke zannuwa.

"Dakta."

"Na'am, Yaya."

"Ki gaya min tsakaninki da Allah. Da na Inna suna nan, da sun taimake ni?"

Dakta ta ajiye zanin. Auta ya san ba za ta yi ƙarya don ta rama ba, ba kuma za ta yi don ta lallasa ba.

"Ban sani ba, Yaya. Abin da nake nema in sani ke nan lokacin da aka karɓe su."

Yaya ta juya fuska bango. A nan ne Auta ya ji ba zai iya ƙara haɗiye abin ba. Ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Kawu, Yaya, ƙarya na yi muku. Na ji. Inna ta sa na ajiye fankar, ta ce in dube ta. Ta ce ta ba ta, sadaka ce, ko bayan ranta, ni ne shaida."

Kawu ya yi salati a hankali, ya cire hularsa ya riƙe.

"Auta," in ji Yaya, "sadakar Inna ka bari na tone rami na binne? Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoron ɓacin ranki, Yaya."

"Da raina ya ɓaci na sati ɗaya ya wuce. Yanzu wa zan ba haƙuri? Ita ba ta nan." Ta miƙa hannu tana laluben na Dakta. "Ke kuma kin san ya ji, kika yi shiru duk tsawon nan?"

"Da na ƙaryata shi a gabanku, Yaya, da na raba ki da ƙaninki a makon da kuka rasa uwa. Na ga gara in rasa kwalba."

Babu wanda bai share hawaye ba a ɗakin, har Kawu.

An yi wa Yaya aiki ta tashi, tana nan da ƙoda ɗaya tana faɗanta kamar da. Kafin a shiga da ita ta tara kowa ta ce a ba Dakta nata naman, kowa ya ji da kunnensa. Dakta ta raine shi da duk iyawarta. Bai kama ba.

Ranar da ta zubar da kwalbar ƙarshe, Auta na jiranta a benci. Ta hau babur, suka ɗauki hanya shiru. Sai da suka wuce gidan mai ya ji ta matso kusa da kunnensa.

"Na Yaya sun mutu yau."

"Ki yafe min, Dakta."

"Na daɗe da yafewa, jira nake ka nema. Akwai na wani dattijo da aka kawo wancan makon. Kamar suna so su kama, amma ban tabbatar ba tukuna. Ka rage gudu in gaya maka."

Ya rage gudu. Ta yi ta bayani, shi kuma yana tuƙi yana goge ido da kafaɗa.

Haƙurin Dakta ya dawo mata da mijinta, ya mai da Yaya 'yar'uwarta, amma bai dawo da abin da Inna ta bayar ba. Har yau in Auta ya je ziyara yakan tsaya a gefen kabarin, wurin da ƙasa ta riga ta baje ba a ko gane ramin. Duk wanda aka ce masa kai ne shaida, ya faɗi abin da ya ji a ranar da aka tambaye shi, ko ran wa zai ɓaci. Auta ya faɗi tasa, amma a lokacin an riga an rufe ramin.