Zaren da Kaka Ta Ɗaura

"Ke nan har yanzu amsar ita ce a'a?"

Nuriya ba ta ɗago kai ba. Tana tsaye a inuwar bishiyar dogon yaron da ke bayan majami'a, ta rungume littafin waƙoƙi a ƙirji, sauran 'yan koral, mawaƙan majami'ar, suna ficewa suna satar kallonsu. Yusha'u ke gabanta, wanda aka yi musu baiko tun kafin a rufe kadarkon Gaya da Malanbil. Ƙafar wandonsa a jiƙe take. Daga jirgin ruwa ya sauko, ya taho nan kai tsaye.

"Ban ce a'a ba... Na ce a ƙara haƙuri."

"Haƙurin ba nawa ba ne ya ƙare, Nuri na. Idanun Inna ne suke ƙarewa."

Ya gaya mata, cikin murya ƙasa-ƙasa, cewa ganin mahaifiyarsa yana dusashewa kullum, ta ce tana son ta ga fuskar amaryar ɗanta tun tana iya gani. Kawunansa kuma sun yi zama. Sun ce in Kirsimati ya wuce ba a kai amarya ƙetare ba, a mayar wa kowa maganarsa, kada zumunci ya lalace.

"Ni ba zan bar ki ba," ya ce. "Amma ban san me zan ƙara gaya musu ba."

Hannunta ya sauka a ƙugunta ba tare da ta sani ba, daidai inda zaren yake a ƙarƙashin zane.

Zaren kusan sa'anta ne a duniya. Kafin a haife ta, mahaifiyarta ta binne 'ya'ya uku, babu wanda ya kai yaye. Da aka haifi Nuriya, kakarta ta wajen uba, Kaka Ajuma, ta goya ta a ɓoye ta kai ta Tunuga wajen wani tsohon masunci da ake cewa yana jin maganar gulbi. Shi ya ɗaura mata baƙin zare a ƙugu, ya ce yarinya za ta rayu, amma da sharaɗi: kada a kwance zaren, kada ta taɓa shiga jirgin ruwa. Ranar da ta shiga, gulbi zai karɓi abinsa.

Yarinya ta rayu. Tana girma Kaka tana ƙara wa zaren tsawo.

Lokacin da kadarko yake a buɗe, sharaɗin bai dame kowa ba. Kabu-kabu take hawa ta ƙetare. A haka ta je taron matasan ikilisiyoyi a Malanbil, a can ta haɗu da Yusha'u, ma'aikacin jinya mai yawan dariya, wanda ya ba ta kujerarsa ya tsaya har aka tashi. Sai ga shi an toshe kadarko da kwantenoni, duk mai son ƙetarewa sai ya bi jirgi. 'Yan kasuwa suna bi, masu jinya suna bi, har tumaki ana ƙetarewa da su. Nuriya kaɗai ta zama kamar akuyar da aka turke a bakin ruwa.

Abin da ke ƙona rai shi ne, gidan nasu ba gidan jahilci ba ne. Mahaifinta, Malam Yahaya, dattijon ikilisiya ne, shi ke riƙe wa'azi in pasto ya yi tafiya. Ita kanta malamar lakwal ce, wato makarantar boko, tana koya wa yara yadda girgije ke zama ruwan sama. Kowa a gidan ya san da zaren, kowa ya yi shiru. In an taɓo zancen sai a ce a bar tsohuwa da abinta, ai ba ya cutar da kowa. In an taɓo zancen biki sai a ce a jira a buɗe kadarko. Aka yi ta jira, damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa.

Rakiya kuwa ba ta jira komai ba.

Tare suke koral da Nuriya, tare suka taso, ta kuma san da zaren tun suna 'yan mata. Tun da aka rufe kadarko ta tsiri kai wa mahaifiyar Yusha'u abinci kowane mako, wai ziyarar marasa lafiya. Ranar Larabar da ta biyo bayan zuwan Yusha'u, ta miƙe a taron zumuntar mata, ido ya cika da hawaye, ta ce ta yi mafarkin da ya hana ta sukuni: farin mayafin amarya yana yawo a kan gulbi, babu kowa a cikinsa. Ba ta ambaci suna ba. Ba ta buƙatar ambata.

Kafin la'asar labari ya isa gida. Kaka Ajuma ta kwanta ta ƙi cin abinci. Malam Yahaya ya aika wa dangin Yusha'u cewa a sake ɗaga rana.

Ranar Lahadi shi ya yi wa'azi. Ya yi magana a kan 'yancin da Almasihu ya ba masu binsa, ya ce wanda aka fanshe shi ba bawan tsoro ba ne kuma. Majami'a ta amsa da amin har kwanon rufi yana amsawa. Nuriya tana layin koral, bakinta a rufe, zaren yana cizon fatarta saboda zufa.

Da suka koma gida ta kai masa ruwa, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, ina da tambaya."

"Ina jin ki, uwata."

"'Yancin nan da ka faɗa ɗazu... har da ni, ko na sauran mutane ne?"

Ya ajiye kofin. Ta ci gaba, ba ta tsaya ba. Ta tuna masa ranar baftismarta. Sa'o'inta duka a gulbi aka nutsar da su, suna fitowa ana waƙa a bakin gaɓa. Ita kaɗai aka yi wa a kwatamin siminti na bayan majami'a, aka gaya wa pasto wai zazzaɓi take yi. Ta ce lafiyarta ƙalau a ranar, kuma shi ya sani.

Malam Yahaya ya sunkuyar da kai.

"Da hannuna na haƙa ƙananan kaburbura uku," ya ce. "Abin da nake faɗa a majami'a na gaskata shi, Allah ya sani. Amma in na kalle ki, sai tsoro ya kama ni."

"Ni ma tsoro nake ji, Baba. Amma na gaji da bauta wa iyayengiji biyu."

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a gajeriya, irin wadda ba a yi don a ji. Sannan ya ce shi ba zai hana ta ba, amma wadda ta ɗaura ita ke da hakkin a je mata.

Da Nuriya ta so, da ta sa reza ta yanke zaren a banɗaki, babu mai sani. Ba ta so haka ba. A ɓoye aka ɗaura shi, ba za a kwance shi a ɓoye ba.

Ta sami Kaka kwance a tabarma, fuska ga bango.

"Ƙawata, tashi ki sha kunu, ko so kike a ce ni na kashe ki da yunwa in gaje zannuwanki?"

"Tafi can, marar kunya. Ke da za ki bar ni ki bi ɗan Malanbil cikin ruwa."

Nuriya ta zauna, ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta. Ta gaya mata ta san ƙauna ce ta sa ta yi tafiyar Tunuga da jaririya a baya, kuma ba za ta taɓa raina wannan ƙaunar ba. Amma ta tambaye ta: shekarun nan duka, wa take kira in Nuriya ta yi ciwo? Wa take yi wa waƙa kowace safiya tana shara? Kaka ta ce Yesu mana, wa kuma.

"To shi ya raya ni, Kaka, ko zare?"

Tsohuwa ta ce, "In kuma kika nutse fa?"

"Ban ce miki ba zan mutu ba. Ko a ruwa, ko a gado, rana ɗaya zan tafi. Amma in na tafi, a hannunsa zan faɗa, ba a hannun gulbi ba. Kwance mini, Kaka... da hannunki."

Ƙullin ya tsufa, ya ƙi yatsu. Sai da Kaka ta sa ragowar haƙoranta, tana kuka tana mita, kafin ya saki. Nuriya ta ja numfashi mai tsawo. Ba ta taɓa sanin yana matse ta haka ba sai da ya fita.

Kaka ta dunƙule zaren a hannu, ta share fuska da gefen zane, ta ce magana ɗaya ta rage: ƙafarta ƙafar Nuriya. In gulbi yana son wani, ya fara da tsohuwa.

Ranar Asabar da hantsi suka sauka bakin ruwa, Malam Yahaya yana biye da su riƙe da jan zakaran da za a kai wa mahaifiyar Yusha'u. Wurin ya cika da buhunan albasa da masu dako da hayaƙin injin. Mai jirgin, Sha'aibu, maƙwabcinsu ne, Musulmi, ya san labarin kamar kowa a unguwa. Ya miƙo musu rigunan ruwa biyu masu launin lemo, irin masu hana nutsewa. Kaka ta ce ashe wani zaren za a sake ɗaura musu. Nuriya ta ce a'a, wannan hankali ne, shi ma Allah ya bayar, ta ɗaure mata igiyoyin da kanta.

Zakara ya fizge daga hannun Malam Yahaya, ya yi tsalle kan buhuna, aka yi ta kamun sa ana dariya. Aka nemi abin ɗaure masa ƙafa aka rasa. Kaka ta kwance bakin zanenta. Da niyyar jefa zaren a tsakiyar gulbi ta taho da shi, wai a mayar wa mai abu abinsa. Ta kalli zaren, ta kalli jikarta, sai ta kama ƙafafun zakara ta ɗaure tamau.

"Yau dai ya yi amfani," ta ce.

Jirgi ya tashi. Nuriya ta riƙe katako gam. Ba ta ji wata murya daga sama ba, tsoron kuma bai tafi gaba ɗaya ba. Sunan Yesu kawai take maimaitawa a ranta. A tsakiya wani babban jirgi ya wuce su, igiyar ruwa ta daki gefe, ta watso mata a fuska da ƙirji. Kaka ta ƙwala ihu ta damƙe ta.

Nuriya ta lashi leɓenta. Ruwa ne. Ruwa kawai, mai ɗumi, mai ɗan ƙamshin laka.

Dariya ta kuɓuce mata, ta haɗu da kuka, ta zura hannu cikin gulbin har gwiwar hannu ta bar shi yana wucewa tsakanin yatsunta.

Yusha'u bai jira jirgi ya taɓa gaɓa ba. Mahaifinta ya kira shi a wayar portabul tun suna tasowa, ya baro gidan likita da farar rigar aiki a jikinsa, ya faɗa ruwa har cinya.

"Nuri na... ke ce?"

"Ni ce, masoyi. Na zo a gan ni."

"Kai, angona, ni za ka fara saukewa," in ji Kaka. "Yarinya ta jira."

A can gefe Rakiya tana tsaye da kular abinci, jirgin da ya riga nasu ta biyo. Nuriya ta gaishe ta kamar kullum, ta ce ta gode da kula da Inna, daga yau ta huta. Rakiya ta juya da kularta. Ba a sake jin ta yi mafarki ba.

Mahaifiyar Yusha'u ta sa aka zaunar da Nuriya a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta matso har numfashinsu ya haɗu, ta daɗe tana kallo.

"Na gan ki," ta ce. "Na gode Allah, na gan ki."

Mako guda kafin Kirsimati aka ɗaura aure a majami'ar Gaya. Da yamma jirage uku suka ɗauki amarya da 'yan koral, ana waƙa ana kaɗa tulu har ƙetare, Malam Yahaya a jirgin gaba yana rerawa da ƙarfi fiye da kowa. Iska ta so ta ɗauke farin mayafin, Kaka Ajuma ta cafke shi, ta riƙe gam har suka sauka.

Kadarko yana nan a rufe. Kaka kuwa kowace ranar kasuwa tana bakin ruwa tun da safe don ƙetarewa wajen jikarta, tana faɗa da Sha'aibu a kan ya ba ta rigar ruwan da ba ta yi mata yawa ba.