Albasar Kurege

A bakin kanal ɗin ban ruwa da ya ratsa gabas da Bunkure akwai wani ɗan tudu mai tsakuwa, ruwan ban ruwa ba ya hawansa, garma ba ta shigarsa. A nan Usaini ya fara ganin Kubra, wata Laraba a ƙarshen damina. Tana durƙushe da takalmin roba da hijabi ruwan toka, ta kafa wa wata ciyawa ido ta cikin ɗan madubi mai ƙara girman abu.

Ya jingine babur ɗinsa. "Baiwar Allah, ɗan kunne ne ya faɗi?"

Ba ta ɗago ba. "Ja baya kaɗan, ka kusa taka ta."

Ya duba ƙasa. Wani ɗan farin fure ne mai jan layi a tsakiya, ganyensa sirara.

"Au, albasar kurege? Ai wannan ko akuya ba ta kula ta."

Sai a lokacin ta ɗago. Usaini ya ga fuskarta, ya gyara tsayuwa.

"Ka san ta?"

"Kakata ce ta faɗa min sunan. Duk yawona ban gan ta ko'ina ba sai a tudun nan."

Kubra 'yar Malam Iliyasu ce, mai makarantar Islamiyya a Kura, tana digiri na biyu kan ilimin tsirrai a Kano. Usaini manomin tumatir da albasa ne, gonarsu tana gindin tudun. Ta ce masa ta duba littattafanta kaf ba ta ga wannan shukar ba, wataƙila sabuwa ce.

Haka masana ke faɗa: sabuwa. Kamar jiya aka halicce ta. Alhali shukar ta riga kakan kakan mai littafin zama a wurin, tsofaffin ƙauye sun san ta har sun raɗa mata suna. Littafin ne dai ya makara.

Kafin masana su yarda, in ji Kubra, sai an siffanta shuka tun daga saiwa har ganye, fure da 'ya'ya, an kwatanta ta da danginta, an kuma ajiye busasshiya guda a matsayin shaida. Ta ƙirga abin da ke tudun, talatin da ɗaya. Guda ɗaya tak ta tona. A ƙasa tana da ɗan dunƙule kamar kan albasa. Ta shimfiɗa ta tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako biyu, ta ɗaure.

"To me ya rage?"

"'Ya'yan. Sati biyu zan dawo, lokacin sun ƙulla."

Da ta dawo, akuyoyi sun cinye furannin tas.

"Ba kai ka ce akuya ba ta kula ta ba?"

"Wallahi waɗannan baƙi ne, ba 'yan garin nan ba ne."

Ta so ta ɓata rai, dariya ta ƙwace mata. Sai baɗi ke nan. A ranar Usaini ya saro ƙaya ya kewaye tudun, a ranar kuma ya karɓi lambarta, wai saboda rahoton akuyoyi.

Rahoton bai daɗe yana zancen akuyoyi ba.

"Malamar ciyawa, barka da safiya. 'Yan makarantarki talatin suna nan lafiya. Mai gadinsu ne dai ba lafiya, bai gan ki ba kwana shida."

"Sarkin noma, a ba mai gadi haƙuri. Asabar ina tafe. Ka ce masa ya daina sa turare in zai shiga gona, ƙudan zuma suna ruɗewa."

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, Inna, mahaifiyar Usaini, ta riƙe haɓa. "Yarinyar da ke wuni tana tsintar ciyawar da muke wahalar nomewa? Ita za ta riƙe maka gida?"

A Kura ma ba a yi murna ba. Malam Iliyasu ya ce, "Ban raina noma ba, Kubra, ni ma ina yi. Amma kin yi nisa a karatu. Yau yana sha'awarki, gobe ki yi magana ya ga raini ne. Ga Mustapha nan, hanyarku ɗaya."

Mustapha abokin aikinta ne a jami'a, yana digiri na uku, kuma ya riga ya aiko kawunsa gaisuwa. Mutum ne mai natsuwa, ba shi da wani aibu. Sai dai zuciya ba ta duba takardun shaida.

Cikin watan Nuwamba aka tura Kubra Ibadan, inda ake da babban ɗakin ajiyar busassun tsirrai, ta kwatanta nata da dubban da ke can. Wata uku za ta yi.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce masa a bakin kanal. "Kada dabba ta shiga."

"Ko ƙadangare sai ya nuna katin shaida."

Sati biyu da tafiyarta ganyen ya fara rawaya. Sati uku, ya kwanta. Usaini ya tsaya a kai. Amana ce aka bar masa, ga ta tana bushewa a gabansa. Ya ɗauko waya zai kira ta, sai ya fasa. Me zai ce? Na kasa? Shi da ke raya kadada biyu ta tumatir a tsakiyar rani?

A ƙasar Kura, tun da aka haƙa kanal, yaro yana tashi da karatu guda: in shuka ta yi yaushi, ruwa take so. Karatu ne mai kyau, ya ciyar da gidaje da yawa. Amma babu karatun da ya game duk halittar Allah.

Ya jawo injin ban ruwa, ya haɗa tiyo uku har saman tudun. Duk bayan kwana biyu ya shayar da su. Ya barbaɗa taki kaɗan. Wasu suka fito da sabon ganye kore shar, ya yi murna har ya kusa faɗa mata, ya danne don ta zo ta gani da idonta.

"Sarkin noma, na duba fiye da dubu. Babu irin tamu! Malamin nan ya ce in na samu 'ya'yan baɗi, magana ta ƙare. Yaya 'yan makarantata?"

"Suna gaishe ki. Akwai albishir, amma sai kin zo, abar ƙaunata."

Cikin Janairu sabon ganyen ya yi laushi, ya narke. Ya ƙara ruwa. Da ya ga babu abin da ya motsa, ya naɗe tiyonsa, ya ce wataƙila barci suke yi.

Ta dawo a Fabrairu, Mustapha ya rako ta don ya ga wurin. Tun daga nesa ta rage tafiya. Tudun da ya kamata ya bushe ƙayau, ga shi da ɗanyar ciyawa.

Ta durƙusa ta tona da yatsa. Abin da ya fito baƙi ne, ya dame, yana warin ruɓaɓɓiyar albasa. Ta tona na biyu. Na biyar. Na goma sha biyu.

"Wannan irin shukar rani take so," in ji Mustapha a hankali. "Takan zubar da ganye ta kwanta a busasshiyar ƙasa har ruwan farko. Danshi ne ya kashe ta. Kanal ɗin nan ne yake tsatsafowa ta ƙasa, na sha ganin haka. Ba laifin kowa ba ne, Kubra."

Usaini yana tsaye a bayansu. Ga ƙofa an buɗe masa, kuma abokin takararsa ne ya buɗe. Babu wanda ya gan shi da tiyo a saman tudun. In ya yi shiru, shi ke nan.

"Ba kanal ba ne," ya ce. "Ni ne. Na ga suna bushewa na ba su ruwa. Wata biyu ina ba su. Har da taki."

Kubra ta juyo tana dubansa, ƙasa a hannunta.

"Kai da kake noma albasa, Usaini? Ba ka yanke mata ruwa in ta ƙosa?"

"Ina yankewa."

"To?"

Ya san wannan tun yana ɗan shekara goma. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ciyawar tudu ma tana da nata tsarin ba.

"Talatin ne a duk duniya," ta ce. "Talatin." Ba ta ɗaga murya ba. Ta goge hannunta a hijabi ta sauka.

Ya aika saƙo a ranar. "Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Na cuce ki, na cuci abin da ba zan iya mayarwa ba." Ba ta amsa ba. Bai sake aikawa ba.

Mustapha ne ya ba Malam Iliyasu labari, kuma ya faɗe shi yadda ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. Malam ya daɗe yana jan carbi.

Bayan kwana biyu ya kira 'yarsa. "Yaron nan na Bunkure. An miƙa masa ƙarya kyauta, ya ƙi karɓa, ya san kuma abin da zai rasa. Na ƙi shi ne don ban san shi ba. In har yanzu kina so, na janye."

"Ni ce ba na so yanzu, Baba."

"To. Amma in tambaye ki. Kin gaya masa ganyen zai bushe?"

"A'a, Baba."

"Shekara nawa kika yi kafin ki san haka?"

"A ajin farko aka koya mana."

"Shi wa ya koya masa?"

Wannan tambayar ta bi ta har Kano. Wata biyu suna hira a bakin kanal, ta ba shi labarin Ibadan, da malamanta, da burinta, amma ba ta taɓa zaunar da shi ta ce ga yadda shukar nan take rayuwa ba. Ta ɗauke shi mai gadi. Rainin da Baba ya ji tsoro tun farko, ashe ta riga ta yi shi ba ta sani ba.

Ta faɗa wa Mustapha gaskiya, cewa kada ya jira ta. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya ci gaba da gyara mata rubutu kamar da.

Ruwan farko ya sauka a Mayu. Ta je tudun sau huɗu a daminar, a ranakun da ta san yana kasuwa. Babu ko tsiro ɗaya. Ƙayar tana nan, an sabunta ta. Wani yana gadin wurin da babu komai a ciki.

Dole ta rubuta bayanin da guda ɗayan da ta busar. Ta auna ganye, ta zana saiwa, ta ƙirga sassan furen. Amma busasshen fure ba ya faɗin lokacin da yake buɗewa, ko ƙamshinsa, ko ƙwaron da ke ziyartarsa. Mutum ɗaya ne ya tashi a gindin tudun. Ta aika wa Usaini saƙo.

"Salamu alaikum. Tambaya ce ta aiki. Wane lokaci furen ke buɗewa?"

Amsar ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Wa alaikumus salam. Bayan la'asar. Da hantsi ya rufe. Ƙamshinsa kamar ɗanyen gero da aka jiƙa. Ƙudan zuma ba sa zuwa, wani malam-buɗe-littafi ne mai ruwan ƙasa yake zuwa gab da magariba. In an yi fari ba ta fure sai bayan ruwa na uku. Akwai saura in kina so."

Ta karanta sau uku. Shafi biyu na abin da babu shi a kowane littafi, yana nan a cikin kan mutumin da ba ta taɓa tambaya ba.

Ranar Asabar ta same shi yana gyaran kunya a gona. Ya rame.

"Zan sa sunanka a takardar," ta ce. "Tare da nawa."

"A matsayin wanda ya kashe ta?"

"Wannan ma zan rubuta, don kada wani ya maimaita. Amma zan ce mu biyu ne. Kai ba ka tambaya ba, ni ban faɗa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Kullum sai na hau tudun nan, Kubra. Na zaga har Kura, har Dawakin Kudu, duk inda na ga tsakuwa. Babu."

"Na sani." Ta share ido da gefen hijabi. "Ba zan ce maka ya wuce ba, don bai wuce ba. Amma na gwada jin zafin ni kaɗai, ya fi ƙarfina. Ka turo su Kawu wurin Baba."

Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

An ɗaura aure bayan girbin shinkafa, a ƙofar makarantar Malam. Inna da kanta ta riƙo hannun amarya zuwa ɗaki, tana cewa, "Na dai bar miki ciyawar tsakar gida, 'yar nan, na gaji da nome ta ma."

Takardar ta fito wata biyar bayan biki. Kubra ta zauna kusa da mijinta a tabarma tana fassara masa layi layi: saiwa, ganye, fure, lokacin buɗewa. Ta zo wani ɗan gajeren layi ta tsaya.

"Me aka ce a nan?"

"An ce: 'Ya'yanta, ba a gani ba."

Ya kama hannunta, ta bar masa.

Duk ruwan farko sukan hau tudun tare, su duba, su sauko. Har yau ba ta fito ba. Allah ya jiƙan abin da ya tafi, ya albarkaci abin da ya rage, ya ba Usaini da Kubra zama na tambaya da amsa, da zuriya masu jin ƙan ko da ciyawar da ke bakin hanya. Amin.